Liyarin Tabawa da Nawa

Na ji abin da kuke faɗa a bayan idona, ku 'ya'yana da jikokina, kuma ban ga laifin wanda ya kawo mini labarin ba. Kun ce tsufa ya taɓa mini hankali. Kun ce matar da ta yi rayuwarta tana buge hannun duk wanda ya kai yatsa kusa da akwatin azurfarta ba za ta ɗauki azurfar nan da kanta ta kai wa maƙeri ya huda ba, sai in wani abu ya kwance mata a ka. Mamman, wanda shi ne babban namiji a cikinku, har ya tambayi likita a ɓoye ko akwai maganin da ya kamata a fara ba ni. Saboda haka na keɓe wannan babi ga shekarar nan ita kaɗai. Ban rubuta shi don neman afuwa ba, domin ban yi abin neman afuwa ba. Na rubuta ne don ku san cewa da cikakken hankalina na yi, kuma na san a kan wa na yi. Yayarku, wadda ita ce 'yata ta fari, in takardar nan ta kai hannunta, sai ta karanta. Ba da ita nake magana ba, kamar yadda ban saba ba, kuma ba za ku ga sunanta a nan ba, domin ban taɓa faɗinsa ba.

Asalin abin daga makarantar mishan ta Damagaram ne, inda mahaifina ya kai ni duk da surutun dangi. Matan da suka koyar da mu, waɗanda muke kira Masera, ba su taɓa addinina ba, amma sun taɓa kusan kome da ke jikina: yadda ake ninke zane, yadda ake yanke farce, yadda ake jan layi a miƙe. Ɗaya daga cikinsu tana da ɗan akwati mai gurabe, kowane gurbi da tsabar kuɗi a kwance. Takan buɗe mana shi mu duba, hannuwanmu a baya, ta ce abin da ya samu tabo ya riga ya tashi daga cikakke, ko da tabon bai kai ƙwayar gero ba. Na ɗauki wannan magana na riƙe ta fiye da yadda mai ita ta yi nufi. Da na gama koyon aikin unguwarzoma aka turo mu Arlit, ni da mahaifinku, Allah ya jiƙansa, lokacin garin bai wuce gidajen ma'aikata da iska ba. A nan na tarar maƙeran Abzinawa suna narkar da tsofaffin kuɗin azurfa suna ƙera awarwaro da zobba. Na tsaya a maƙerar wani mai suna Ahmudu na ga ya jefa dala cikin wuta, ita wannan dala da har yau kuke lissafi da sunanta ba ku taɓa ganin idonta ba, sai na ji kamar littafi ake ƙonawa. Daga ranar na ƙudura zan tara ɗaya ɗaya daga kowane irin kuɗin azurfa da ya taɓa yawo tsakanin Damagaram da Abzin: dalar Faransa da tammarta, fatakar Ingilishi da sule da sisi da taro waɗanda fataken Kano suka shigo da su, da kuma babbansu duka, liyari, mai hoton wata sarauniyar Turai mai cikar ƙirji. Sharaɗina ɗaya ne: babu huji, babu walda, babu fuskar da ta shafe. Sharaɗin nan ya sa aikin ya ci shekaru, domin matan ƙasar nan ba sa ganin azurfa su bar ta lafiya, sai sun huda ta sun rataya. Mahaifinku ya sa kafinta ya yi mini akwati mai gurabe irin na Masera, na shimfiɗa masa baƙin ƙyalle da hannuna.

Yanzu sai maganar Tabawa, wadda kuke kira Inna. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata a rukunin ma'aikata. 'Yar Adar ce, daga wajen Tawa, mijinta yana tuƙa kar, wato motar da ke kai ma'aikata ramin haƙar ma'adinai, ita kuma tana toya masa a bakin inda suke jiran mota. Ba ta taɓa shiga aji ba. Tana dariya da dukan haƙoranta, tana ajiye ludayi inda ta ga dama, ɗankwalinta kullum a karkace. Zan faɗi abin da yake gaskiya game da ita: sau biyu hannuna ya karɓi haihuwarta, sau biyu kuma ba a ji kuka ba. Bayan haka ba ta sake samun ciki ba.

Da lokacin yaye yayarku ya zo, al'ada ita ce a kai yarinya gidan kaka har ta manta da nono. Kaka kuwa tana Damagaram, hanya a lokacin ta kwanaki ce a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ga aikin asibiti ba ya jira. Mahaifinku ya ce a miƙa ta ta kan katanga, ai Tabawa uwa ce. Na yarda, domin na ɗauka abin kwanaki ne. Ku tuna kuma 'yar fari ce. Ban ɗauke ta a gaban mutane ba, ban yi mata wasa ba, ban kira sunanta ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi wa kowa, kuma mace mai kunya ba ta tambayar dalili. Abin da al'ada ta hana ni, sai tarbiyyar Masera ta ƙara masa ƙulli. Ita kuwa Tabawa babu abin da ya hana ta kome. Ranar da aka dawo mini da yarinyar, tana goye a bayanta, na hangi baƙin zare a wuyanta. Na jawo shi, sai ga liyari, hudajje, fuskar sarauniyar ta goge kamar ƙasan faranti.

"Mene ne wannan?" na tambaya.

"Na kakata ne," in ji Tabawa da bakinta na Adar. "Shi anka ɗaura min ranar da anka yaye ni. Ba ni da wadda zan ɗaura ma, sai ɗiyata."

"Yarinya za ta sa shi a baki. Ƙazanta ce."

"To Madam, ki wanke shi da ruwan asibitinku. Amma kar ki cire."

Na cire. Na sa almakashi na yanke zaren bayan ta fita. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ƙi kunu, ta ƙi ruwa, tana rarrafawa wajen katanga. Mahaifinku, wanda bai cika sa baki a sha'anin cikin gida ba, ya ɗauki liyarin ya nemo wani zare ya mayar, ya ce mini:

"Zainabu, ba kowane abu ake tafasawa ba."

Daga nan abin ya zauna. Ta girma tana kwana a ɗakina tana wuni a na Tabawa. Da bakinta ya buɗe, ita ta kira Inna, ni kuwa ta kira ni da abin da ta ji gari yana kirana, wato Madam. Ni na ɗinka mata riguna, ni na duba littattafanta na lekol, wato makarantar boko, ni na tsaya har rubutunta ya miƙe. Amma ranar da ta fara ganin al'ada, ta kan katanga labarin ya iso mini. Ranar da mai nemanta ya fara zuwa, a ƙofar Tabawa ya yi sallama. Ina zaune ina goge azurfata da tsumma mai laushi, ina jin dariyarsu tana tsallako katanga. Kada wani ya ce muku ban ji kome ba. Kishi na ji, kuma ina da hujjata, domin ni na yi naƙudar.

Gurabe suka yi ta cika, har ya rage na tsakiya, babban, wato na liyari. Duk wanda aka kawo mini, ko hudajje ne, ko an yi masa kunne da walda, ko jabu ne mai ƙarar gwangwani. Tabawa ta san da gurbin nan, domin babu abin da yake ɓoyuwa tsakanin gidaje biyu masu katanga ɗaya. Takan leƙo tana share hannu a zane ta ce:

"Madam, har yanzu ramin nan bai samu mai shi ba? Ki roƙi ɗiyata ta ara miki nata mana, ko na wuni guda, akwatin ya ji daɗi."

"Na gode. Ba na ajiye abin da ya huje."

"Wanda bai huje ba, ta ina za a rataya shi?"

Na ɗauki tambayar a matsayin jahilci, kuma na daɗe ina ɗaukarta haka.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda aka rufe ɗaya daga cikin ramukan ma'adinai. Mahaifinku ya riga ya rasu, mijin Tabawa ma haka, ni kuma na ajiye aiki. Gari ya shiga kwashe kaya. Kowace safiya sai ka ga kamiyo an ɗora masa gadaje da tukwane ya nufi kudu, samari kuma sun bi hanyar zinariya ta Cibarkaten. Masu tafiya suna sayar da abin da kakanninsu suka ɓoye. Wata rana da hantsi Ahmudu maƙeri, wanda shi ma gemunsa ya yi fari, ya zo ƙofata a kan kabu-kabu, yana riƙe da ƙullin tsumma. Hausarsa ba ta taɓa raba mace da namiji ba.

"Madam, kai ne ka ce in na gani in kawo. Ga shi. Ko wuta bai taɓa gani ba."

Na kwance tsumman. Liyari ne, cikakke. Kowane silin gashin sarauniyar yana nan, rubutun gefensa yana karantuwa. Na ɗora shi a kan yatsa na ƙwanƙwasa, ya yi amo mai tsawo. Na sallami Ahmudu, na wanke hannu, na sa shi a gurbinsa. Ya zauna daidai, ba ya motsi. Na ja kujera na zauna ina kallon akwatin. Na yi tsammanin zan ji wani abu mai girma. Abin da na ji shi ne ƙarar tabarya daga gidan Tabawa, da kuma tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: to, yanzu fa?

Amsar kuwa tana cikin raina tun da daɗewa, ban dai furta ba. Don yayarku na tara. Tun tana goye nake cewa a zuci wata rana zan ajiye mata abin da babu mace a Abzin da ta mallaki irinsa, ta gane bambancin abin da uwa ta tanada da abin da maƙwabciya ta tsinto a ƙasan adaka. Dama kuwa ta zo da kanta, domin a shekarar ne za ta aurar da 'yarta, kuma aka ce a Arlit za a yi biki. Ta taso daga Cirozerin, inda mijinta yake aiki a gidan wutar lantarki, ta sauka. Ba sai na faɗa muku a gidan da ta ajiye jakarta ba. Da ta shigo gaishe ni, ta durƙusa daga bakin ƙofa yadda ta saba, mace mai furfura a gefen kai. Na ɗauko akwatin na buɗe a kan tebur, na ce, ina kallon bango:

"Ya cika."

Ta taso ta matso. Sai na ga ta mai da hannuwanta baya ta harɗe su, kamar yadda na koya mata tun tana ƙarama. Ta sunkuya ta duba gurbi bayan gurbi, ba ta bar numfashinta ya sauka a kansu ba. Da ta sunkuya ɗin, baƙin zare ya zamo daga wuyan rigarta, tsohon liyarin Tabawa ya fito yana lilo a kan nawa. Ta yi sauri ta tura shi ciki.

"Ya yi kyau ƙwarai, Madam. Allah ya sa albarka. A rufe kada ƙura ta shiga."

Shi ke nan. Ta rufe mini shi da baki, ta fita. Ba a jima ba na ji muryarta ta kan katanga tana ba da wani labari, Tabawa tana shewa. A yammacin ranar kuma Mamman ya shigo yake gaya mini, kamar abin farin ciki, cewa yayarsa ta yanke shawarar tafiya da Inna Cirozerin bayan biki, ta zauna a wurinta har ƙarshe, tun da gari yana watsewa kuma tsohuwar ba ta da kowa.

"Ni fa?" Wannan kalma ta fita kafin in kama ta.

"Haba Mama! Ai Yaya ta ce ke kina da gidanki da tsarinki, ba kya son a taɓa miki kaya. Ta ce ko ta roƙe ki ba za ki yarda ba."

Gaskiya ta faɗa, ba zan yarda ba. Amma ba ta roƙa ba.

Mamman yana da nasa shirin game da akwatin. Ya samo wani Alhaji, Bakano, mai sayen zinariya daga hannun masu haƙa, wanda ya ce yana da abokin ciniki a ƙetare da ke neman irin wannan jeri cikakke. Alhajin ya zo har gida, ya duba da madubin ido ɗaya, ya yi ta salati. Ya ce darajar abin duka tana cikin rashin tabonsa, ƙwarzane ɗaya ya isa ya mai da shi azurfar awo. Mamman ya ce da abin da za a samu sai in gina gida a Damagaram in huta. Ƙanwarsa ta yi waya daga Yamai ta ce a kai gidan tarihi a rubuta sunana a jiki. Na saurare su duka. Kowace shawara tana da kyau, kuma kowace tana ƙarewa da abu ɗaya: akwatina a bayan gilashi ko a cikin sanduƙin baƙo, liyarin Tabawa kuwa a kan ƙirjin 'yata, yana ɗumi da jininta. Na tuna hannuwan nan biyu a harɗe a baya. Abin da na tara ba shi da ta inda za a kama shi. A nan tambayar da Tabawa ta yi mini shekarun baya ta dawo, kuma na ji haushi matuƙa da ya zama daga bakinta ta fito.

Da safe na yi wanka, na sa fararen kaya, na rungumi akwatin na tafi maƙera da ƙafa. Ahmudu yana shan shayi. Na buɗe masa na ce a huda su duka, a jera su a sarƙa ɗaya, liyari a tsakiya, daloli a gefensa, a yi ta raguwa har zuwa taro a bayan wuya. Ya ajiye kofi.

"Madam, kai ba ka da lafiya? Shekara da shekaru kana zagina don na huda kuɗi. Yau kai ne?"

"Ban zo hira ba."

"Wallahi ni tsoro nake ji. Gobe ka dawo ka ce in toshe."

"Ba zan dawo ba. Amma ka saurara. Kowane huji a saman kai zai zauna, daidai tsakiya, kada ya taɓa rubutu. Wanda ya karkace, kai da Allah."

Na fito da ma'auni da fensir, na sa wa kowace tsaba ɗigo da hannuna. Ya ce in tafi gida in dawo, na ce a nan zan zauna. Da liyarin na sa ya fara, domin na san in ya fara da ƙananan zan iya tsayar da shi a hanya. Ya ɗora shi a kan itace, ya saita mahuji a kan ɗigon, ya dube ni sau ɗaya, ya buga. Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan ɓarɓashin azurfa ya faɗi a ƙasa. Ban kau da kai ba, haka aka koya mana a ɗakin haihuwa. Na zauna har ya gama da taron ƙarshe, kuma ina shaida masa, ko ɗaya bai karkace ba.

Sai matsalar miƙawa. Uwa ba ta ba 'yar fari kyauta hannu da hannu, aike take yi. Wanda kuwa ya dace a aika a unguwar nan ita ce Tabawa, kuma na gwammace sarƙar ta faɗa rijiya da ta bi ta hannunta. Don haka na naɗe ta a farin ƙyalle na zaga na shiga gidan da na daɗe ban taka ba. Na same su a inuwar rumfa, yayarku ta kwantar da kai a cinyar Tabawa ana yi mata kitson biki, kamar 'yar shekara biyar. Ta yi zumbur za ta tashi, Tabawa ta danne mata kai.

"Lale, lale! Yau Madam da kanta? Wa ya mutu?"

Na ajiye ƙullin a kan tabarma na kwance. Rana ta faɗa a kan azurfar. Na dubi Tabawa na ce:

"Ki ce da ɗiyarki, ga abin da za ta sa ranar biki."

"Ga ta nan gabanki, ba kurma ba ce." Ta ɗaga sarƙar tana juya liyarin, ta sa ɗan yatsa a kan hujin. Ta daɗe tana kallona. "Kinka huda su? Ke? Duka?" Sai ta kwashe da dariya har da hawaye. "Zainabu, ashe dai kin ji zafin wanga ɗan ƙarfe nawa! Shekara nawa kina haɗiyewa!"

A rayuwata ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Ta tayar da yayarku zaune, ta rataya mata, ta ƙulla a baya da yatsunta masu maiƙon man kitso. Kamar yadda kuka san aikin Tabawa, sai liyarin ya tafi wajen kafaɗar hagu, daloli suka hau kan juna.

"Ya karkace," na ce.

"Ni haka na iya."

"Ki ja shi dama. Ba haka ba. Kin ƙara ɓata shi."

"To taho ki gyara, uwar iyawa."

Ba zan iya ganin abu a karkace in zauna ba, kun sani, ita ma ta sani, kuma har yau ina zargin da gangan ta yi. Na durƙusa a bayan yayarku na kwance ƙullin. Rabon da hannuna ya taɓa wuyan nan tun ranar da na sa almakashi. Fatar ta yi laushin girma, akwai 'yan layuka a kanta da ban san lokacin da suka zo ba. Na daidaita tsabar ɗaya bayan ɗaya har liyarin ya zauna a tsakiyar ƙirji. A ƙarƙashin yatsuna kuwa ga baƙin zaren nan, ba wancan na farko ba, an sha sauya shi, amma ƙullin irin na Tabawa ne. Ja ɗaya ya isa ya tsinke shi. Na bar shi, na sa tawa sarƙar a kansa, na ƙulle.

"Akwai nauyi, Madam," in ji ta, da ƙaramar murya.

"Azurfa ce," na ce, na tashi na fita.

Ranar biki ta sa. Mata suka kewaye ta, masu taɓawa suna taɓawa da hannuwan da suka ci tuwo, ni kuwa ina zaune a gefe na haɗiye abin da ya taso mini. Wata daga cikinsu ta tambaya ina ta samo wannan dukiya. Ta ce uwarta ce ta ba ta. Nan take duk suka juya wajen Tabawa suna guɗa, suna sa mata albarka. Tabawa ta zauna ta karɓa, tana gyara ɗankwali, ta bar su suka yi mai isarsu. Wannan ban yafe mata ba. Sai da guɗar ta lafa yayarku ta ɗaga murya, ba ta dubi inda nake ba, ta ce:

"Ba Inna ba. Wadda ta haife ni."

Abin da na samu ke nan. Ku auna shi da abin da na bayar, in kuna da ma'aunin. Alhajin Kano bai sake takowa ba. Mamman ya yi wata da watanni gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu. Akwatin yana nan a kan tebur, gurabensa a buɗe kamar bakunan 'yan tsaki, ina goge masa ƙura kowace safiya domin ban san yadda ake daina ba. Bayan biki kuwa aka ɗora adakar Tabawa da kaskon masarta a kan mota, yayarku ta riƙe mata hannu ta hau, suka tafi Cirozerin. Sarƙar ba ta sauya wannan ba, ban kuma yi tsammanin za ta sauya ba. Katangar tana nan, babu abin da ke tsallako ta yanzu, kuma ban ce na fi son haka ba.

Masu zuwa daga can suna gaya mini tana sa sarƙata a kowane suna da kowane aure, kuma a miƙe take zama, domin ta koyi ƙullin. Na gode wa Allah da wannan. Abu ɗaya ne ban taɓa tambayar kowa ba, ku ma kada ku tambayar mini: wanne take cirewa in za ta kwanta. Ni na auna tsabar nan da hannuna kafin a jera su. Tawa tana da nauyi, ba a barci da ita.